Ƙudan da Ban Kora Ba

Duk lokacin da ƙuda ya sauka mini a goshi, sai na tuna ranar da aka mayar da ni Bakano.

Zamanin Turawa ne, ana tsakar cirar albasa a fadamar ƙauyenmu, kusa da Wurno, aka ce kowane gari sai ya ba da yaro a kai makarantar boko. Masu hali suka tura nasu ruga. Mu ba mu da inda za mu, kuma ni kaɗai ne a hannun kakata, ni ke ɗebo mata ruwa. Sai ta yi dabara. Baƙo ba ya cikin 'yan gari, saboda haka za a ce ni ɗan wani falke ne daga Kano, amana aka bar mata.

Ta zaunar da ni gindin rumbu tana koya mini Kananci, ita da iyakar tafiyarta Rabah. "Maigidana, kak ka ce mi, ka ce me. Kak ka ce shina, ka ce yana. In ka ɓata, auren ga ya mutu."

Wakilin hakimi, wani dattijo mai sanyin murya, ya sa aka shigar da mu zaure mai ƙofa ɗaya, dogari ya tsaya a bakinta. Ya tambaye ni garinmu, da sana'ar ubana, da abin da muke ci. Kowace kalma sai na juya ta a baki, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kafin in sake ta. Ban ɓata ko ɗaya ba, har na fara jin daɗin kaina.

Dattijon ya dubi kakata. "Tsohuwa, Kanancin yaron ga ya hi na Kanawa. Amma mai gaskiya shina magana shina susa, shi ɓata zance shi gyara. Wanga ko, tun da munka hwara ƙuda ka kiwo ga goshinai bai sani ba. Kai nai duka ya tahi wurin aiki. Irin shi makaranta ka biɗa."

Kakata ta ce, "To, wa ka ɗebo min ruwa?"

A makaranta na tarar da littattafan ma Kananci suke yi, kuma kowane "mi" yana da bulalarsa. Daga baya na zama malami. Ɗalibin da ya kawo mini uzurin fashi sumul, ba gargada, hannuwansa a sandare, nakan ce ya je ya zauna, don na san nauyin da ya ɗauko.

Yaran yanzu da kansu suke zuwa makaranta, a kan babur, suna faɗin "mi" abinsu. Ni kuwa in na je gida, sai na yi jim kafin "mi" ɗin ta fito mini, jikoki suna dariyar Bakano. Kakata ta ce in riƙe Kanancin nan na yini ɗaya, ta kuma rasu ba ta ce in ajiye ba.