Jan Biron Baba

Sau biyu yayata tana faɗuwa lissafi a jarrabawar gama sakandare, ga shi babanmu ne malamin lissafin makarantar. Sifili muke ce mata a gida. Baba bai taɓa kiranta da sunan ba, amma bai taɓa hana mu ba.

A shagon buga takardu ta fara taɓa kwamfuta, a nan ta koyi rubuta manhaja. Yau shekararta tara a wani kamfanin yankan gilashi, ita ke rubuta umarnin da injin yake bi. Naci gare ta kamar me. Sai ta zauna kan kuskure ɗaya har shayinta ya huce sau uku. In ka tambaye ta lissafin da aikin ke buƙata, ta ce tarawa da ɗebewa, sauran duk haƙuri ne.

Baba dai bai yarda aiki ba ne. In baƙi suka tambaya, cewa yake, "Tana can tana danne-danne." Maganar tana ci mata rai, ko da yake ba ta faɗa.

Bara aka kawo musu aikin gilashin gefen matakala, mai yankan karkace. Guda uku injin ya yanka, kowanne ya kauce da faɗin yatsa. Ta kwafo hanyar lissafin daga intanet, abin bai gyaru ba, don ba ta gane abin da ta kwafo ba. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta da kwamfutarta.

"Baba, na kasa," ta ce.

Ya yage shafin kalanda ya juya bayansa, ya zana alwatika, irin wadda ta kayar da ita sau biyu. Bai yi faɗa ba. Sau huɗu tana cewa, "To me ya sa?" yana sake bayani, har abincinsa ya sandare.

Litinin gilashi ya zauna daram. Ta bugo umarnin a takarda, shafi shida, ta kawo masa. Ya sa tabarau yana bi da yatsa.

"Duk wannan daga kanki ya fito?"

"Daga kaina, Baba."

"Ni ko layi ɗaya ban gane ba."

A shafi na biyar ya tsaya, ya ga lissafin alwatikarsa. Ya laluba aljihu ya ciro jan biro, ya ja alamar daidai a gefe. Sannan ya koma shafin farko ya bi sauran duka da ita.