Buhunan Kawu Sale

Duk wanda ya zauna a unguwar Xiaobei ta Guangzhou a shekarun nan ya san Kawu Sale ba ya gaisuwa irin ta mutane. Ka ce masa ina kwana, sai ya kama hannunka ya ƙi saki, ya ce, "Bar kwanan. Me ka gani a mafarki?" Idan ka faɗa, ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta. Wata safiya ya tare Alhaji Ɗanlami mai takalma a bakin lifta. Alhaji ya ce, "Malam Sale, ni ba na mafarki." Kawu ya dube shi da tausayi, ya ce, "Allah sarki. Shi ya sa duk takalmanka iri ɗaya ne."

Ƙanin mahaifiyata ne. A Kano yana zanen bayan manyan motoci, zaki da dabino da su "Allah Ya Kiyaye Hanya". Ni na kawo shi Guangzhou don ya riƙa rubuta sunayen masu kaya a jikin dila a wurin ɗaurin kayana, saboda hannunsa yana da kyau. Da na san abin da zai biyo baya, da na bar shi a garejinsa.

Wata rana muka shiga wani shago inda 'yan China ke kwafar zane-zanen Turawa suna sayarwa. Ina ciniki a maƙwabta, na dawo na tarar da shi tsaye gaban wani hoto, baki buɗe. Agoguna ne sun narke, ɗaya ya rataye a reshe kamar tsumma. Na ce mu tafi. Ya ce, "Nasiru, wanda ya zana wannan ya taɓa jiran kwantena." Mai shagon ya ce wani mutumin Sifen ne, ya daɗe da mutuwa, mafarkinsa yake zanawa. Kawu ya sayi littafin hotunansa a ranar, da kuɗin da ya ware na takalmi.

Daga nan muka shiga uku. Ya sa wani ɗalibi ɗan Zinder ya karanta masa tarihin mutumin, ya haddace. Kullum "Baba na Sifen ya yi kaza, Baba na Sifen ya yi kaza." Abin da ya fi burge shi, wai an kore shi daga makarantar zane don ya ce malaman ba su isa su yi masa jarrabawa ba. Kawu ya ce, "Ka ji namiji! Ni ma haka aka yi min a firamare." Na ce, "Kawu, kai gudu ka yi." Ya ce, "Na riga su ne." Har gashin baki ya tara, yana murɗe shi sama da man kaɗanya kamar na mutumin. A zafin garin nan, kafin azahar man ya narke, gefe ɗaya ya faɗi, ɗayan yana tsaye. Haka yake shiga jirgin ƙasa, 'yan China suna ɗaukarsa hoto, shi kuwa yana gyara tsayuwa.

Ya fara zana mafarkan da kuke ba shi. Kun san irinsu: kwantena a tsakiyar teku, fasfo ya yi fiffike ya tashi, gidan mutum na Kano amma babu ƙofa. Malam Sani, da ke ja mana salla a bene, ya taɓa yi masa nasiha a kan zanen abu mai rai. Kawu ya buɗe wani zane, ya ce, "Malam, don Allah duba. Ka taɓa ganin raƙumi mai ƙafafun tsani, da aljihun tebur a ƙirji?" Malam ya ce bai taɓa ba. Kawu ya ce, "To halittar wa na kwaikwaya?" Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sai na yi bincike." Har yau yana binciken.

Kawu ba ya sayen yadin zane. Ya je shago sau ɗaya, da ya ji farashi ya ce wa matar da ke da shagon, "Laoban, uwar gida, yadin ne ko fili a Nassarawa?" Ya dawo ya ɗebi korayen buhunan da muke ɗaure kayan kasuwar Shahe da su. Yakan juya buhu, ya shafa farin fenti a cikinsa, ya yi zane, idan ya bushe ya mayar da shi yadda yake ya ninke, wai don kada laimar garin nan ta ci launin. Daga waje buhu ne kawai kamar kowane buhu. Shekara shida yana tara su a kusurwar ɗakinsa.

Burinsa ɗaya ne, kuma babu wanda bai gaya wa ba. Ya ce wata rana za a rataye su gaba ɗaya a Kano, a jere, mutane su tsaya su ɗaga kai su kalla, su san abin da 'yan'uwansu ke gani idan sun rufe ido a ƙasar nan. Ya sa na yi masa alkawari ni zan kai su. Na ce to, ina dariya.

Ya kwanta asibiti ana saura 'yan makonni a rufe lodin kayan Salla. Ina tsakanin asibiti da sito, ba na sanin inda kaina yake. Ranar lodi na ƙarshe, shugaban masu ɗaurin kayana ya kira ni ya ce buhu ya ƙare, shagon buhu kuma sun ce meiyou, babu. Ya ce amma ya ga tuli a ɗakin Kawu. Ina riƙe da takardar likita a hannu ɗaya. Na ce, "Ku ɗauka." Wallahi ban tuna ba. Sai da na koma gida na ga kusurwar wayam, kwantena kuwa ta riga ta bar sito.

Washegari Kawu ya ce, "Nasiru, damina ta kama. Kana ɗaga min buhunan daga ƙasa?" Na ce ina ɗagawa. Ya ce, "Yauwa. Me ka gani a mafarki?" Na ce ban ga komai ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kai ma ka koma mai takalma." Bayan kwana huɗu ya cika. A nan muka binne shi. Ban gaya masa ba.

Na kira duk masu kayan a Kano na roƙe su su ajiye min buhunan. Amma kun san yadda ake buɗe dila a kasuwar Kwari: reza ce daga sama har ƙasa, a yar da buhu, masu tsinta su kwashe. Na samu uku, duk a yage.

Watan jiya Alhaji Ɗanlami ya je gida, ya turo min hoto. Wani mai gyaran takalmi a bakin titi ya yi rumfa da buhu, kuma ga raƙumin Kawu nan a cikinta ta sama, rabin tsaninsa babu. Mutum huɗu suna zaune a inuwar suna jiran a ɗinke musu silifa. Na ƙara girman hoton na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗaga kai.

Littafin mafarkan yana wurina. Duk wanda yake son nasa ya zo in yage masa shafin. Nawa babu a ciki, don kullum ce masa nake ina sauri.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, ya nuna masa abin da ya fi duk wanda ya zana kyau. Ni kuma Allah ya sa ya yafe min. Amin.