Tsibin da Na Kawar

Arewa da garinmu akwai wani dutse mai tsayi. In ka hau kansa za ka ga gonaki sun shimfiɗu har inda ido ya tsaya, ga rimaye da kukoki, ga hayaƙin ƙauyuka nan da can. Amma mu ba kallo ke kai mu ba. Can sama akwai wani kwarmi a jikin dutsen mai riƙe ruwa, ko da rani ba ya ƙafewa sarai.

Turbar hawa guda ce, sai a tsakiya ta rabu biyu. Ta dama ce ke kaiwa ga ruwa. Ta hagu ta fi faɗi, ta fi daɗin tafiya, amma ƙarshenta wani falalen dutse ne mai santsi da ya gangara cikin rami. Shi ya sa tun kakanni aka tara tsibin duwatsu a bakin ta dama, duk wanda ya wuce ya ɗora ɗaya. Ba a duban hanya, tsibi ake duba.

A shekara ta biyu ta fari, gero ya ƙone a tsaye, rijiyoyi suka koma laka. Baƙi suka fara kwararowa daga arewa da jakunansu, kullum sababbin fuskoki, kuma duk wanda ya tambayi ruwa sai a ce masa ya bi tsibi. In na hau sai in ga ruwan ya ƙara ja baya, ya bar farin zobe a jikin dutse. Ni kuwa matata na shayarwa.

Wata rana da hantsi na tsaya a mararrabar. Babu kowa sai ungulu biyu suna shawagi. Na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na sake tara su a bakin ta hagu. Na ce a raina baƙi za su ga santsi su juya, 'yan gari kuwa ƙafarsu ta san hanya. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana uku bayan haka yayana ya dawo daga birni da iyalinsa. Shekarunsa masu yawa can yana fawa, har dabbobi suka yi ta mutuwa sana'ar ta tsaya. Ya dawo idonsa ya fara rauni.

Washegari na komo daga neman harawa, na tarar da matarsa tana surfen 'yar dawa a tsakar gida.

Na ce, "Matar Yaya, ɗan birnin naki har yanzu barci yake?"

Ta yi dariya. "Barci? Ya ce yau zai nuna muku shi ma a garin nan aka yanke masa cibiya. Ya ɗauki garwa biyu ya hau dutse."

"Wa ya raka shi?"

"Na ce ya jira ka. Ya ce shi da tsibi sun san juna tun kafin a haife ka."

Na watsar da harawar na fita da gudu. Ban kai mararrabar ba na ji ƙarar garwa tana gangarowa, tana dukan dutse, tana dukan dutse. Sai kuma shiru.

Mun ciro Yaya daga ramin da igiya, mu huɗu. Ƙugunsa ya karye, bai sake riƙe fartanya ba. Muna ɗauke da shi a kan asabari, da muka iso mararrabar ya ce a tsaya. Ya daɗe yana kallon duwatsun.

Ya ce, "Ba nan Baba ya nuna mana tsibin ba."

Mutane suka ce aikin baƙi ne, ran nan aka kore su daga gindin dutsen. Ina tsaye ina kallo suna ɗaure kaya.

Na noma gonar Yaya har ya rasu, jama'a suna ta yaba zumuncina. Bai taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Ni na kawar da tsibin. Allah Ya sani tun ranar, yanzu 'ya'yansa ma su sani.