Salansar da Inna ta zaɓa

Ka taɓa ganin tsohuwa ta shiga gareji zaɓen salansa? Inna ta shiga, kuma ɗanta Auta mai aski ne ya goyo ta a babur.

Auta kai goma sha biyar yake askewa a wuni, ashirin in kasuwa ta yi kyau. Babura tara ne a layinsu, duk iri ɗaya, kukansu ɗaya. Idon Inna ya yi rauni, gwiwarta ta hagu kuma ba ta son tashi. Amma da ta ji babur sai ta dafa bango ta nufi ƙyaure, wai kada ɗanta ya tsaya a waje. Takwas cikin taran nan ba nata ba ne. Ya roƙe ta ta riƙa zama, ta ce ba shi zai koya mata jiran ɗa ba. Ran da ta zame a bakin ƙofa saboda babur ɗin maƙwabci, Auta ya ce lallai nasa ya sake murya.

Bakanike ya jera salansa huɗu a benci, ya kakkaɓe wa Inna tsohuwar kujerar mota. Ya ɗaura ta farko, ƙara kamar ana yaga kwano. Inna ta toshe kunne, ta tambaya ko injin niƙa suka zo saya. Ta biyu sai sheƙi take, Auta ya ƙwallafa rai a kanta. Da aka tayar da babur, Inna ta ce ita ba ta ganin sheƙi, kuma wannan muryar babur ɗin mai shayin bakin titi ce sak. Bakanike ya yi dariya har sifana ta faɗi, ya ce gaskiyarta, shi ya ɗaura masa irinta.

Ta uku gajera ce, baƙa, mai faɗin baki. Auta ya buga kik. Babu tsiwa, sai gurnani daga can ƙasa, har kwanon rufi ya amsa. Inna ta ɗora tafin hannu a ƙirji.

"Wannan a nan nake jin ta. Ƙara murɗawa, ɗan nan."

"Inna, maƙwabta fa?"

"Ka sassauta totur in ka shigo layi. Ce maka aka yi ni kurma ce?"

Ta huɗu ko taɓa ta ba a yi ba.

Yanzu sau ɗaya Inna ke tashi a wuni. Tun yana kwanar layi take zare sakata, tana mitar ya daɗe.

In za ka sayi salansa, tafi da mai jiranka a gida, ka ce ya rufe ido ya zaɓa. Gwada ka gani.