Takardar Gada Tsakanin Surukai Biyu

Talata: Kano zuwa Kwarin Ɗinya

Ƙarfe biyar da kwata na kulle gida, gari bai gama wayewa ba, na nufi tashar Unguwa Uku da jakata a hammata. 'Yan'uwana 'yan ƙungiyar ci gaban Kwarin Ɗinya mazauna Kano, ku na rubuta wa wannan, don mu bakwai muka yi alkawarin haɗuwa a tashar. Na zauna a benci har bakwai saura kwata. Ɗaya ya bugo ya ce shago ba kowa, ɗaya ya ce mura, sauran biyun da na kira wayoyinsu a kashe, na ƙarshen biyu ban ma wahalar da kaina ba. Ban yi mamaki ba, amma na ji ciwo. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na shiga mota ni kaɗai.

Ga wanda bai zo taro ba, ga abin da ya fitar da ni. An buɗe wani asusu na farfaɗo da garuruwan karkara da suka koma baya, amma ba a ba ƙaramar hukuma ɗaya. Sai biyu sun haɗa kai sun nemi aikin da zai amfani mutanensu duka. Mu abin da muke nema gada ce a kan rafin da ya raba garinmu, wanda ke ƙasar Rano, da Tudun Marke ta ƙasar Kibiya. Ƙananan hukumomin biyu sun amince. Abin da ya rage shi ne masu unguwannin garuruwan su zauna wuri ɗaya su sa hannu, a ɗauki hotonsu tare, a kai takarda sakatariyar Rano kafin sha biyun ranar Alhamis. In an wuce, sai wani zagayen, in akwai shi.

Kuɗin mota naira dubu biyu da ɗari biyar. Mun karya kwana a Karfi, an tsayar da mu sau ɗaya kafin Bunkure, aka leƙa but ɗin motar aka ce mu wuce. Direba ya ga yadda na rungume jaka, ya ce, "Baba, takardun fansho ne?"

Na ce, "Na gada ne."

Ya ce, "To Allah ya sa a yi muna da rai."

Takwas da rabi duwatsun Rano suka bayyana. Na karɓi takardar a sakatariya, jami'in ya nuna mini gurabe biyu na sa hannu: na ɓangaren Rano a sama, tunda su ke jagorantar neman, na Kibiya a ƙasa. Ban ga wani abu a ciki ba a lokacin. Daga nan na hau acaɓa, kilomita goma sha huɗu ta hanyar Lausu, rabi kwalta rabi burji, muka isa sha ɗaya saura.

Shekara uku rabona da gida. Rumfunan kasuwar da muke ci ranar Laraba tare da mutanen tsallake sun zube, awaki ne ke kwana a ciki. Daga bakin gari zuwa ƙofar mai unguwa na gaisa da mutum biyar, kuma babu mai ƙasa da shekara hamsin a cikinsu.

Mai unguwa Sabo ɗalibina ne a firamare, har yau Malam yake ce mini. Ya karanta takardar a nutse, ya kai ƙarshe, sai ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Malam, wannan kam sai dai a yi haƙuri."

"Haƙurin me, Mai Unguwa? Kai ka fi kowa bugo mini waya a kan gadar nan."

Ya sunkuyar da kai. "Sunana a sama, na Baba a ƙasa? Kuma in zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a ɗauke mu hoto? Ina zan kai fuskata?"

A nan na tuna abin da zaman birni ya mantar da ni. Mai unguwar Tudun Marke, Malam Haruna, surukinsa ne, mahaifin matarsa Hadiza. Shekara ashirin da biyu da auren, Sabo bai taɓa ambaton sunansa ba, bai taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba. In ya je gaisuwa, daga bakin zaure yake tsugunawa, ya cire takalmi tun daga nesa. Na yi lallashi, na yi faɗa irin na malamin makaranta, na ce takarda ba ta san suruki ba. Ya ce shi ya sani. Na ce to mu juya ta a sa hannu a kife mana. Ya yi dariya, amma bai karɓi biro ba.

Na sauka a gidanmu. Ɗaki ɗaya ne ya rage da rufi, na share shi da kaina. Hadiza ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, na ci a tsakar gidan da a da mu goma sha ɗaya muke zagaye akushi. Da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, na zauna a bakin ƙofa ina kallonsa, ba wanda zan ce wa ko da "an sha ruwa".

Laraba: Tudun Marke da bakin rafi

Bakwai na safe na kama hanyar rafi, kilomita ɗaya da rabi a ƙafa. Ruwan jiya ya sa rafin ya kawo, ya kai mini cinya. Na naɗe wando, na ɗora jaka a ka, na shiga ina salati. Ni da gwiwar da likita ya hana hawa bene! Daga tsallake kuma wani kilomita ɗaya zuwa gari.

Tudun Marke ta fi namu shiru. Na sami Malam Haruna a zaure shi kaɗai, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Da na yi sallama ya karkata kunne ya ce, "Wannan ba muryar Sani ɗan Audu tela ba ce?" Rabon da wani ya kira ni da sunan mahaifina na manta. Na ce ni ne.

Na zayyana masa komai, ina sa ran zai aika wa Sabo ya ce ya daina shirme. Sai ya yi murmushi.

"Yaron nan yana da tarbiyya. Ba zan aika masa ya zubar da ita ba."

"To Baba, gadar fa? Gobe sha biyu ake rufewa."

"In na sa hannu a nan ka kai masa?"

"Sai an gan ku tare a hoto."

Ya jima yana murza gemu. Sannan ya laluba sandarsa ya ce in miƙo masa hularsa. Na ce ruwa ya kai cinya. Ya ce ai ba yau ya fara ganin rafin ba. Na duba ko akwai wani mai ƙarfi da zai raka mu, babu, duk suna Kano ko kudu. Haka muka taho, tsoho na jan tsoho, tafiyar minti goma sha biyar ta ci mana arba'in. A hanya na bugo wa Sabo na ce ya zo bakin rafi, ban gaya masa da wa nake ba.

Goma daidai muka iso. Sabo na tsaye a ɗaya gaɓar, yana hango mu ya zube ƙasa ya tsuguna, ya kawar da kai. Malam Haruna ya matsa bakin ruwa. Ya cire takalmi ya ba ni, ya tattare riga, ya sa ƙafa cikin ruwa. Taku na uku sandar ta nutse cikin yashi, ya yi tangal-tangal. Na kai hannu, gwiwata ta ƙi. Wallahi na ɗauka na kashe mutum saboda takarda.

Ban san lokacin da Sabo ya faɗo ruwan ba, da babbar rigarsa da komai. Ya tare tsohon, ya juya masa baya, ya goye shi. Ina biye da su da takalma a hannu ɗaya, jaka a ka. A haka muka fita.

Da ya sauke shi a gindin ɗinya, ya ja da baya zai koma ya tsuguna nesa, sai tsohon ya kama gefen rigarsa.

"Sabo, ka goye ni a bayanka, zama kusa da ni ne zai gagare ka? Zauna. Ni na ce."

Ya zauna, amma a gefen saiwa, ƙasa da shi kaɗan, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Malam Haruna ya fara dangwala yatsa a gurbinsa na ƙasa, ya ce, "To na riga ka. Saura kai." Sabo ya karɓi biro ya rubuta sunansa. Na ɗauki hoto uku da wayata, a duka ukun ba a ganin fuskarsa sosai, hula kawai.

Hadiza ta zo da fura ta durƙusa gaban mahaifinta, suka gaisa a nan, don ya ce ba zai shiga gari ba. Da azahar ruwa ya ɗan ja, Sabo ya sake goya shi zuwa tsallake. Ni na raka tsohon har gida, na kwana a zaurensa, tunda daga can Kibiya ta fi kusa.

Alhamis: Kibiya, Rano, gida

Shida da rabi na sami mai babur zai kai buhun masara Kibiya, na hau bayan buhun, kilomita tara. Aka wanke mini hoton a wani shago kusa da kasuwa, tara da kwata aka buga wa takardar hatimi a sakatariyar Kibiya. Na sayi gurasa ta ɗari uku na ci a cikin Keke Napep ɗin da ya kai ni Rano. Sha ɗaya saura minti goma na ajiye takarda a teburin jami'in.

Ya duba hoton ya ce, "Malam, wannan me ya sa ya sunkuya? Kuma duk a jiƙe?"

Na ce, "Surukinsa ne."

Ya sake dubawa, ya gyaɗa kai, ya buga hatimi. Ya ce garuruwa da yawa sun nema, sai bayan damina za a ji waɗanda aka zaɓa. Ban ɓoye muku ba, alkawari ba a yi mini ba.

Na iso gida ƙarfe biyu da rabi, na buɗe ƙofa na tarar da shi yadda na bar shi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hadiza da tuwonta, da mai baburin da ya ƙi karɓar ko sisi, da Mai Unguwa Sabo, wanda na san abin da zaman nan ya ci masa.

Saura saƙo ɗaya. A gurbin da aka ce a faɗi amfanin gadar, na rubuta kasuwa da asibiti da makaranta, na karanta wa Malam Haruna da safe kafin in tafi. Ya ce duk gaskiya ne, amma shi ba don su ya shiga ruwa ba. Ya ce ya zauna ya lissafa mazan da suka rage a Tudun Marke masu ƙarfin ɗaukar makara, ya sami uku, kuma makara mutum huɗu take so. In ajalinsa ya zo da rani, mutanen Kwarin Ɗinya za su tsallako. In ya zo a tsakiyar damina, bai san wanda zai kama kusurwa ta huɗu ba. Takardar ba ta da gurbin wannan dalili, shi ya sa na rubuto muku shi.