Abin da Yaya Dalhatu Ya Faɗa a Falon Alhaji Nuhu

A watan nan na Sha'aban Yaya Dalhatu ya cika shekara ashirin da bakwai da rasuwa. Ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara tara, kuma akawun kotu ne a nan Zariya har ya ajiye aiki. Mutanen Ƙofar Gayan sun san shi da abu biyu: kyawun rubutu da raina finafinai. Na biyun ne ya fi ba da mamaki, domin a cikin ganuwar nan ban san wanda ya kai shi kallon fim ba.

A shekarun tamanin, zuwa silima ba abin da ɗan gidan malamai zai ambata a gaban manya ba ne. Silimomin ma duk a bayan gari suke, Tudun Wada da Sabon Gari. Yaya bai damu ba. Yakan hau kekensa ya tafi sau biyu a mako, wani lokaci uku. Mu huɗu ne muka shaƙu a kan wannan harka: shi, da ni da nake koyarwa a firamare, da Malam Bulus na Wusasa, ma'aikacin ɗakin gwajin jini wanda suka yi makaranta tare da Yaya, sai maƙwabcinmu Alhaji Nuhu ɗan kwangila. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan zauna a zauren Yaya, kowa ya kawo abin da ya kalla a makon, shi kuma ya yanke hukunci.

Yadda yake sauraron mai ba da shaida a kotu, haka yake kallon fim. Yakan ce ya shekara ashirin yana rubuta ƙaryar mutane, saboda haka ƙarya ba ta ba shi haushi. Abin da ke ba shi haushi shi ne a kawo masa ita a warwatse, kamar an ɗauke shi sakarai.

Akwai wata Lahadi da har yau nake tunawa. Ni na zo da fim ɗin Indiya wanda ya sa ni hawaye. An harbi ɗan wasan sau uku a ƙirji, ya kwanta a cinyar uwarsa yana wasiyya, ya yafe wa ƙaninsa, ya damƙa amanar budurwarsa, ya tuna da ƙuruciyarsa. Yaya ya bari na gama, sai ya juya wajen Malam Bulus.

“Malam Bulus, kai ne masanin jini. Nawa ne a jikin mutum?”

“Bai kai na wannan wasiyyar ba,” in ji Malam Bulus.

Alhaji Nuhu shi na Chanis ya kawo, yana ta kwatanta tsalle da hannu. Yaya ya ce ya gani. Mutum talatin sun kewaye mutum ɗaya, amma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran allura a asibiti, sauran suna gefe suna rawa. Ya ce ko yaran kasuwa, in za su yi wa mutum taron dangi, sun san tare ake yi. Na yaƙin Amurka kuwa, wanda shi da kansa ya kalla a makon, ba ya ma dariya a kansa. Mutum guda ya gama da bataliya, harsashinsa bai ƙare ba, sumarsa ba ta hargitse ba. Ya ce waɗanda ake zubarwa kamar ƙwari ba su da suna, ba su da uwa, kuma kullum sun fi kama da mu a kan mai harbin, amma mu ne a silima muke tafa masa.

’Yan boko ma ba su tsira ba. An taɓa nuna wani fim na Faransanci a jami'a, a Samaru, ya je. Ya dawo ya ce minti goma ana nuna musu jaki yana tafiya. Malamai biyu da ke gefensa sun yi barci har da munshari, ana kunna fitila su ne suka fara miƙewa suna bayanin zurfin ma'anar jakin.

A duk zaman da muka yi, sau ɗaya na ji ya yi yabo. Wani fim ne na Masar, wanda ya ce daga farkonsa har ƙarshensa shirme ne, sai dai akwai wata tsohuwa can baya tana tsintar shinkafa a faranti yayin da ’yan wasan ke ihu a gaba. Ya ce da gaske take tsintar, har tana ware tsakuwa a gefen zaninta. Saboda ita ya koma ya sake kallon fim ɗin sau biyu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna kallon fim a waya, babban yatsa yana tura shi gaba, su gama na awa uku kafin shayi ya huce. Ga na Indiya da aka juya zuwa Hausa, murya ɗaya ce tsoho, ita ce budurwa, ita ce ɗan sanda. Ga masu sharhi da ke rantsuwa ba a taɓa yin fim irin wannan ba, alhali fim ɗin bai ma fito ba. Ina jin ba finafinan ne za su fi ƙona masa rai ba. Masu yabon ne. Ya san irinsu tun kafin a haife su, kuma ni ma na zauna a cikinsu.

Ga yadda abin ya faru. Wajen ƙarshen shekarun tamanin Alhaji Nuhu ya sayi bidiyo da janareta, sai majalisarmu ta tashi daga zauren Yaya ta koma falonsa. Da aka shiga shekarun casa'in, aka fara jin samari a Kano suna yin fim da Hausa a kaset, sai Alhaji ya sayo kyamara ya ce shi ma zai yi nasa. Ƙanin matarsa ne ya tsara labarin: wasu marayu ne baffansu ya cinye musu gona, suka kai ƙara. Aka ce ni zan fito a alƙali, saboda ina da gemu da murya. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata mutum mai shekara arba'in ya ji.

Yaya bai hana ni ba. Shi ne ma ya ɗauko mini rawanin kakanmu daga cikin akwati, domin kakan namu ya yi alƙalanci a garin nan. Ya kuma ba da Asabar guda cur yana koya mana yadda ake zaman kotu: inda mai ƙara ke zama, yadda ake rantsar da mutum, yadda alƙali ke maimaita wa kowa maganarsa har ya yarda haka ya faɗa. Ya ce alƙali ba ya ɗaga murya, kuma babu guduma a kotunmu. Ranar ɗauka, ƙanin matar Alhaji ya miƙo mini gudumar katako, ya ce haka ake yi a na Amurka, ya fi armashi. Na karɓa. Na buga tebur, na daka tsawa, na nuna baffan marayu da yatsa. Bayan hukunci kuma aka kai babban marayan lambun wani otal yana waƙa da wata yarinya da ba a san daga ina ta fito ba.

Ranar da aka gama haɗa kaset, Alhaji ya tara mutane kusan ashirin a falonsa bayan azahar, manyan ma'aikata da ’yan kasuwa, aka jera kuloli. Fim yana ƙarewa yabo ya ɓarke. Wani ya ce Indiyawa su tattara kayansu. Wani ya ce shi har ya manta ni ne, ya zaci alƙalin gaske aka ɗauko. Yaya yana gefe riƙe da kofinsa.

“Malam Dalhatu, ba mu ji naka ba,” in ji Alhaji.

“Alhaji, a bari sai mun keɓe.”

“A'a, nan duk ’yan'uwa ne. Faɗi.”

Yaya ya ajiye kofinsa. “To. Na ga motarka sau bakwai. Na ga falon nan sau biyar. Mutum ne ban gani ba ko ɗaya. Marayun da aka cinye wa gona, babu wanda hannunsa ya taɓa riƙe fartanya. Wannan duk da sauƙi. Kotun ce damuwata. Mutumin ƙauye zai kalli wannan ya zaci haka ake yi wa mutane, a danne masa haƙƙi ya ji tsoron kawo ƙara.” Sai ya dube ni. “Kai kuma Sule, kakanmu ya shekara talatin yana shari'a, ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ka naɗa rawaninsa kana buga tebur kamar mai gwanjo.”

Wani daga can baya ya yi ’yar dariya ya haɗiye. Yaya ya tashi ya ɗauki takalmansa, Malam Bulus ya bi shi. Ni na zauna.

Shekara biyu ban taka zaurensa ba, alhali lungu ɗaya ne tsakanin gidajenmu. Rawanin ma aikawa na yi aka mayar masa. In mun haɗu a masallaci mu gaisa, in wuce. Lahadina ta ci gaba a falon Alhaji, inda kowane fim mai kyau ne muddin maigidan ne ya zaɓo shi. Manyan mutane masu furfura, waɗanda a ofis ake miƙe musu, su zauna suna kallon fuskar Alhaji kafin su san ko abin da ke talabijin abin dariya ne. Na iya wannan kallon ni ma, har na ƙware. Kaset ɗin namu kuwa bai shiga kasuwa ba. Kwalayensa suna jibge a sito, kuma babu wanda ya sake ambatarsa, har mai cewa Indiyawa su tattara kaya.

Malam Bulus shi kaɗai ne bai fasa zuwa wajen Yaya ba. Yana fitowa daga coci, ya ci abinci, ya hau babur daga Wusasa zuwa Ƙofar Gayan. Wata Alhamis ana tashi daga makaranta na tarar da shi a bakin ƙofa yana jirana.

“Malam Sule, ciwon suga ya ci idon ɗan'uwanka. Yanzu ni nake kallo in ba shi labari. Na Indiya ne ba na iyawa, ba ni da haƙurin waƙoƙinsu. Ka zo ka karɓe ni.”

Na san yana ciwo. Ban san ya kai haka ba, domin ban tambaya ba. Ranar Lahadi na je. Ya rame, yana jingine da bango, ya gane ni daga sallama. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Ya matsa mini a tabarma ya ce, “Me ka kalla?” Na ba shi labarin wasu tagwaye da suka ɓace a tashar jirgin ƙasa, ɗaya ya zama ɗan sanda, ɗaya ɓarawo. Ya ce a ƙasar nan tasu da alama babu uwar da ta iya riƙe hannun ɗanta a tasha. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Lahadi bakwai muka samu. A ta biyar, Malam Bulus ya fita duba baburinsa, sai Yaya ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, “Naka da na bari sai mun keɓe. Na Alhaji kuwa ban yi nadama ba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, kuma ya ishe ni.

A zaman makokinsa, rana ta uku, Alhaji Nuhu ya gyara babbar riga ya shaida wa jama'a cewa marigayi ya kira shi a asirce kafin ya rasu, ya ce masa fim ɗin nan ba shi da na biyu, ranar nan ɓacin rai ne kawai. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce Allahu akbar. Malam Bulus ya dube ni. Shi baƙo ne a wannan tabarma, ba zai ƙaryata Alhaji a gidan makoki ba. Ni ne ɗan gida. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma har aka shafa fatiha.

Tun daga ranar Alhaji yake maimaita labarin, kowace shekara yana ƙara masa gishiri. Watanni kaɗan da suka wuce wani ɗalibi mai bincike a kan finafinan farko na Zariya ya zo gidana, ya buɗe littafinsa ya karanta mini cewa har Malam Dalhatu, wanda ba ya yabon kowa, ya sallama wa fim ɗin Alhaji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ke nan.

Ba zan ce Yaya mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da kaifin harshe, kuma wani lokaci yakan fi son maganarsa ta yi daɗi a kan ta yi adalci. Akwai finafinan da ya yi wa kaca-kaca waɗanda har yau nake so, kuma ba na jin kunyar hawayen da na yi. Raininsa ya raba shi da mutane, ya bar shi a zaure da aboki ɗaya. Bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne, a duk Ƙofar Gayan, in aka ce Malam Dalhatu ya ce abu yana da kyau, to yana da kyau. Wannan kaɗai ya mallaka, kuma shi aka sace a kan tabarmar makokinsa ina zaune.

Malam Bulus yana nan a Wusasa, ya tsufa, na karanta masa wannan kafin in aiko, ya ce haka aka yi. Alhaji Nuhu ma yana raye, kuma na san ana karanta masa wannan shafi. Alhaji, Yaya bai kira ka ba. A watanninsa na ƙarshe ba ka leƙo shi ba ko sau ɗaya, matarsa tana raye, a tambaye ta. Abin da ya faɗa a falonka a gaban mutum ashirin, a kansa ya rasu. Ni ne alƙalin fim ɗinka, kuma na shaida gaskiya ya faɗa.

Allah Ya jiƙan Yaya Dalhatu, Ya yafe masa kaifin harshensa, ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi.