Manhajata Ce Ta Rufe wa Kawuna Ƙofa Ranar Ruwan Shuka

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce da ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida Dutsin-Ma, tana ji da kanta. Wata ƙungiyar manoma da ke ba da hayar tarakta ta ɗauke ni aiki. Rigimar layi ta ishe su, shi ya sa suka buɗe shafi a intanet, wanda ya riga shiga ya sa sunansa, gonarsa za a fara yi wa haro da huɗa. Ni ce mai kula da shafin.

Da rani aka kai mana hari. Wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya dinga turo wa shafin buƙatun bogi babu ƙaƙƙautawa har ya shaƙe, kamar a ce 'yan zaman banza su cika ƙofar shago su hana mai saye shiga. Alhajin da ke shugabantar ƙungiyar ya kira ni ya ce ba ya son dogon bayani, kada dai ya sake jin haka. Sai na zauna na gina manhaja mai koyo da kanta, irin wadda ake kwaikwayon ƙwaƙwalwa wajen tsara ta. Na ba ta tarihin masu shiga shafin na watannin baya, ta gane cewa ranar kasuwa ana yawa, ranar Juma'a da azahar ana raguwa, har ta iya hasashen mutanen da za su shigo a kowace awa. Idan aka zarce hasashenta da nisa, kuma ta ga waya ɗaya tana ta turo buƙata, sai ta rufe wa wayar ƙofa. Da maharin ya dawo, ta tare shi tun bai yi nisa ba. Na sha yabo, kaina ya ƙara girma.

Abu biyu ne ban koya mata ba, kuma duk na san su. Watannin da na ba ta duk na rani ne, ba ta taɓa ganin damina ba. Sannan a ƙauye ba kowa ke da babbar waya ba, mai cajin waya ne ke shigar wa duk gari sunayensu da tasa, ɗaya bayan ɗaya. A Rawayau nake hutun makaranta tun ina ƙarama, a gidan kawuna, yayan mahaifiyata, na sha ganin layin mutane a wurin mai caji da idona. A shekarar ma kawu ya sayar da shanun huɗarsa saboda tsoron ɓarayi, ni kuwa na ƙarfafa masa gwiwa, na ce tarakta ta fi, kuma ni, 'yarsa, nake riƙe da shafin.

Da ruwan shuka ya sauka, gari na wayewa kowa ya yi ca a kan shafin. Mutanen cikin gari, kowa da wayarsa, suka wuce. Wayoyin masu caji na Rawayau da Ɗantutture da Dabawa kuwa manhajar ta ɗauke su mahara, ta rufe su. Ina zaune ina kallon jan gargaɗi yana ta fitowa, ina murna, har na gaya wa Alhaji mun kore hari mafi girma. Kawu ya kira ni, na ga kiran, na ce bari in gama yaƙi tukuna.

Bayan kwana biyu sai ga shi a kan babur. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mai cajin garinsu ya karanta masu abin da ya fito a waya, wai ba a tabbatar su mutane ne ba. Ya tambaye ni ko ni na rubuta hakan. Ni na rubuta. Na buɗe masu a take, amma layi ya riga ya cika har makonni, kuma Alhaji ya ce ba zai cire wanda ya shiga bisa ƙa'ida ba. Ban ga laifinsa ba. Kawu ya koma ya kama fartanya shi da 'ya'yansa, suka yi abin da za su iya. Shuka ta makara, ruwa ya ɗauke da wuri, masarar ba ta cika ba. Kowace kaka yakan aiko wa mahaifiyata sabon hatsi, a shekarar sai gaisuwa kawai ya aiko.

Na gyara manhajar. Yanzu ta san damina, ta san wayoyin masu caji, kuma ba ta rufe kowa sai mutum ya duba. Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata, duk wanda ka manta da shi kuwa maƙiyi za ta ɗauke shi. Ina kira ga 'yan'uwana masu wannan aiki, kafin ku koya mata gane ɓarawo, ku fita ku ga yadda mutanenku suke zuwa ƙofa. Kuma ranar da ta ce maku an kawo hari, idan wayarku ta yi ƙara, ku ɗauka.

Kawu yana gaishe ni kamar da, yana tsokanata da kiran injiniya. Ya sayi maruƙa yana horarwa. Duk ruwan shuka nakan duba masu shiga daga Rawayau, har yau sunansa bai sake fitowa ba.